Malt ɗin Masu Dubiya

Ni ba mai yawan magana ba ce. Rubutun ma Hausa kaɗai na iya, ita ma a ajin yaƙi da jahilci na tsinta tun kafin in bar gida. Amma abin da ya sami maigidana zai iya samun na wata, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta ga kuskure ta tsallake shi, ta ɗauki maganar.

Sunana Uwani. A Thamesmead muke zaune, a ƙasar Turawa, hawa na huɗu, a flat ɗin council, wato gidajen gwamnati. Sharar ofisoshi nake yi a Aldwych. Maigidana, Malam Haruna, direban tasi ne. 'Yarmu ɗaya, Safiya, a nan aka haife ta. Ki yi mata Hausa ta ji tsaf, ta mayar miki da Turanci.

Da ciki ciwon ya fara. Malam ya ci abinci, cikin ya kumbura kamar ganga, ya yi ta ƙugi, sai gudawa. Muka ce basir ne. Na jiƙa masa sassaƙen da aka aiko daga Kano, ya sha har ya ƙare, abu bai tsaya ba. Bakinsa ya yi ƙuraje. Wando ya fara zame masa, ya ƙara huda a bel, bayan 'yan makonni ya sake ƙara wata. Wata rana ya ɗauki fasinja zuwa filin jirgi, bai kai ba. Ya dawo ya ajiye makullin mota a kan tebur, ya shige ɗaki. Ban tambaye shi ba. Na ga wandon a bokiti.

Samun likitan unguwa shi ma ciwo ne. Ki kira da safe ki shiga layi a waya, in layin ya zo kanki a ce an cika, sai gobe. Da ƙyar Safiya ta yi mana booking. Aka ɗebi jini. Likitar ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ta rubuta ƙwayoyin ƙarin jini. Ya sha, cikin ya ƙara rikicewa.

Maganar ƙarancin jini ita ce ta fita cikin mutanenmu. To, duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake kai wa wanda jininsa ya yi ƙasa: malt da madarar gwangwani. Masu dubiya suka fara zuwa, kowa da katan. 'Yan masallaci, direbobi abokan aikinsa, matan ƙungiyarmu. Akwai dattijon da ya hau bas biyu da katan a kafaɗa, ya tarar lif ta lalace, ya hawo da ƙafa yana haki. Allah ya saka musu da alheri, da zuciya ɗaya suka kawo. Katan ya cika lungunmu har sai mutum ya karkace yake wucewa.

Babbar mai dubiya ita ce Yaya Abu, yayar Malam, da ke Catford. Mahaifiyarsu ta rasu yana shan nono, ita ta goye shi, ita ta yaye shi, ita ta yi masa hanyar zuwa ƙasar nan. Yanzu furfura ta cika masa gemu, amma har yau Auta take kiransa, kuma ban taɓa jin ya ce mata a'a ba. Tana shigowa za ta fasa kwalba, ta tsiyaya madara, ta juya da cokali.

"Auta, tashi ka sha."

"Yaya, yanzu na sha ɗaya."

"Wancan na matarka ne. Wannan nawa ne."

Sai ya tashi ya sha. Ta tsaya a kansa har sai ta ga gindin kofin.

Ni ma ba shi nake yi, safe da yamma. Ga shayi da burodi, wai abinci marar nauyi. Ga semo mai laushi da miyar kuka. Duk abin da muka sani na gyaran marar lafiya mun yi. Mutum yana ta ƙarewa. Na ɗaga shi daga kujera wata rana, na ji kamar na ɗaga tsumma.

Da muka koma, likitar ta dube shi ta dubi sikeli, fuskarta ta canza. Ta ce a shekarunsa dole a bincika ko ciwon daji ne. Aka tura mu babban asibiti. Mun zauna a kan kujerun roba tun hantsi har la'asar ta wuce, na yi salla a lungu kusa da na'urar sayar da lemo. Suka sa kyamara ta ƙasa, ba su ga daji ba. Na yi hamdala. Amma ba su ga komai ba kuma, shi ne abin tsoron.

Wani likitan ciki ne ya sa aka sake ɗibar jini, na wani gwajin daban. Da sakamako ya fito ya kira sunan ciwon: siliyak. Ban taɓa ji ba. Ya ce akwai wani abu a cikin alkama da 'yan uwanta, gulutin, jikin Malam yana ganinsa kamar abokin gaba, in ya shiga sai jikin ya yi ta yaƙi da hanjinsa. Na ce to daga yau an daina burodi. Ya ce a'a. Sai an sa kyamara ta baki an gutsuro hanjin an duba, kuma kafin ranar dole ya ci gaba da cin alkama, in ba haka ba gwajin zai yi ƙarya.

Wannan shi ne mafi wuya a jinyar gaba ɗaya. Da ban sani ba ina ba shi da farin ciki. Yanzu na sani, kuma ni ce mai yanka burodin. Ya karɓa ya dube ni, in kau da kai. Makonni muna haka. Ana saura kwana kaɗan aka aiko wai an yi cancel, sai wata na gaba. Na tashi daga aiki da rigar aikina na wuce asibitin. Na zauna a gaban teburin matar da ke ba da rana. Turancina na shara ne, amma ta gane. Na ce mijina guba yake ci da umarninku, ba zan tashi ba. Ta ce babu gurbi. Na ce ina jira. Ta sallami mutane, ta je cin abinci ta dawo, ta same ni. Can ta ɗaga waya, ta yi magana, ta rubuta mini rana a cikin makon. Ban san sunanta ba. Allah ya duba ta.

Gwaji ya tabbatar. Likitan ya ce cikin hanji kamar sabon tawul yake, mai gashi-gashi, da gashin yake tsotsar abinci. Na Malam ya suɗe kamar tsohon tawul, abinci wucewa kawai yake yi, shi ya sa jini ya ƙi taruwa. Sai ya faɗi maganar da ta zauna mini: "Babu ƙwaya, babu allura. Maganin yana kicin ɗinku. Kuma har ƙarshen rai ne."

Aka haɗa mu da malamar abinci, wata Baturiya mai haƙuri. Safiya ce ke fassara da guntuwar Hausarta. Ta tambayi abin da yake ci, muka faɗa. Ta tambayi abin da yake sha. Na ce malt, kwalba biyu, uku, wani lokacin fiye, don ƙarin jini. Ta ajiye biro.

Ta ce da sha'ir ake yin malt, shi kuma sha'ir ɗan'uwan alkama ne a wannan ciwon. Watanni muna ɗura masa abin da ke cin hanjinsa, muna jiran jini. Na tuna dattijon nan da katan a kafaɗa.

Malam ya tambaya ko akwai malt ɗin da ba shi da gulutin. Ta ce ita dai ba ta san shi ba, amma akwai giya marar gulutin, har da wadda aka cire wa abin maye, tana iya maye masa gurbi.

"A'uzu billahi," in ji Malam.

Safiya ta ƙyalƙyale da dariya. Baturiyar ta yi ta ba da haƙuri, ba ta san abin da ta yi ba.

Na dawo na kwashe kicin. Semo, fulawa, taliya, burodi, cincin, har wani dunƙulen miya da Safiya ta karanta ta ce akwai alkama a ciki. Alkaki da funkaso sun zama labari. Ɗanwaken waje ba ya ci, don ana haɗa shi da fulawa. Tsire ma sai na san wanda ya haɗa yajin. Na ware masa tukunya da muciya da rariya. Safiya ta koya mini kamannin kalmomi biyu a jikin kwali, ta alkama da ta sha'ir, na riƙe su kamar yadda ake riƙe fuskar ɓarawo. Burodin masu wannan ciwon kuwa ɗan mitsitsi ne, ga tsada, ga ɗanɗanon soso. Mun saya sau biyu muka haƙura. Abin da ya rage mana shi ne shinkafa, masara, dawa, gero, acca, doya da wake. Na ce ashe abincin ƙauyenmu ne. Mun tsallako teku ne kawai don a mayar da mu kan tuwon dawa.

Gudawa ta fara tsayawa. Ya fara sauka ƙasa shan iska. Amma kullum da yamma sai ya ce bakinsa yana neman malt. Ya saba. Safiya ta ji tausayinsa, ta tuna maganar Baturiyar nan, ta shiga kanti ta sayo kwalba huɗu na wadda babu maye babu gulutin. Malam ya juya kwalbar ya ga abin da aka rubuta, ya ce ko da zuma aka yi ta ba za ta shiga bakinsa ba. Safiya ta ce za ta mayar ranar Asabar, ta tura su can ƙuryar firij. Asabar ta zo ta wuce.

Ranar Lahadi Yaya Abu ta zo da katan ɗinta. Mun gaya mata maganar likita tun farko, ta ce ciwon Turawa ne, su da ba su da ƙwarin ciki, wa ya taɓa jin alkama ta kashe Bahaushe? Ta buɗe firij za ta saka madara. Sai ta fito da kwalba a hannu, ta riƙe ta da yatsa biyu.

"Uwani. Mene ne wannan?"

Safiya ta taso da gudu. "Gwaggo, it's zero alcohol..."

"Yi mini Hausa, 'yar nema."

"Ba ya... ba ya bugarwa, Gwaggo. Ni na saya. Baba bai sha ba."

"Boko kaɗan na yi, amma wannan kalmar na iya karanta ta. Giya! A gidan Haruna!" Ta juyo kaina. "An hana shi burodi, an hana shi malt, an ajiye masa wannan. Dama an ce jini ba ya ɓuya. Jikar mai burukutu."

Gaskiya ta faɗa. Kakata Bamagujiya ce, burukutu take dafawa a ƙauyenmu har ta musulunta da tsufanta. Tun ana neman aurena Yaya ta san haka, ta ajiye maganar shekara da shekaru sai ranar ta ciro ta.

Ta ce a haɗa masa kaya, Catford zai koma ta yi jinyar ƙanenta da hannunta. Malam ya yi bayani, ba ta saurara ba. Ya shiga ɗaki, na bi shi.

"Malam, in ka je za ka sha."

"Ba zan sha ba."

"Za ka sha."

"Kwana biyu ne, ta huce. Uwani, ita ta goye ni."

Na saka masa kayan. Ya tafi.

Kullum na tashi daga aiki sai in dafa tuwon shinkafa in zuba a kula, in hau bas zuwa Catford. Yaya ta karɓa a bakin ƙofa, ta ce Allah ya yi albarka, ta ce yana barci. Kular jiya ta miƙo mini, da nauyinta. Na kira shi a waya, ya ce lafiya lau. Muryarsa ba lafiya lau ba ce.

Mako bai cika ba waya ta yi ƙara ina tsakiyar goge bene. Yaya ce. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta ce ya faɗi a banɗaki, motar asibiti ta tafi da shi.

Na same shi a kan gado mai taya a barandar asibiti, don babu ɗaki. Ruwan jikinsa ya ƙare, idanu sun faɗa, leɓe ya tsage. Aka ɗaura masa ruwa. Yaya tana zaune a gefe, mayafi ya zame, carbi a hannu ba ta ja. Tun safe ba ta sa komai a bakinta ba. Ina ganinta na san son da take masa ba ƙarya ba ne. Hakan bai hana ni abin da na yi ba.

Nas ta miƙo mini leda, kayan da aka cire masa ne, ko ba a buɗe ba an san abin da ke ciki. Na karɓa na ɗora a cinyar Yaya.

"Yaya, ke kika ciyar."

Tun da na shigo danginsu ban taɓa ɗaga mata murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Ta dubi ledar, ta dube ni. Ta ƙulle bakinta ta saka a jaka.

Da Malam ya dawo hayyacinsa na matsa kusa da kunnensa. Na ce, "Na binne uwa, na binne uba, na binne 'ya'ya biyu kafin Safiya. Ba zan binne ka saboda kunya ba. In kunyar Yaya za ta kashe ka, gaya mini yanzu in san inda na dosa." Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. Da aka sallame shi ya ce wa mai tasi Thamesmead.

Kayan nan sun dawo ta hannun wani direba, wankakku, gogaggu, da ƙamshin turaren wuta. Yaya ba ta biyo su ba.

Daga nan ni na zama ƙofa. Duk mai dubiyar da ya zo da katan, in gaishe shi, in yi godiya, in ce ya shigo, katan ya tsaya a waje. Wasu sun gane. Wasu sun ji haushi. Na ji an ce na mallake shi, na ji an ce na zama Baturiya, maganar firij ma ta zaga har Kano ta dawo da ƙari. Ban bi kowa da bayani ba. Katan ɗin da suka taru muka kai masallaci aka sha a walimar suna.

Saura bakin Malam da ke neman malt. Na yi ta tunani a bas. Shi malt ɗin nan hatsi ne aka tsirar aka dafa, haka Baturiyar ta ce. To, wannan aikin na gan shi tun ina ƙarama, a tsakar gidan Kaka. Na sa Safiya ta tambayi malamar abinci ko dawa tana da illa, ta ce ba ta da ita, in dai ba a gauraya ta da alkama ba. Na sayo dawa tsaba, na tsince ta ƙwaya-ƙwaya. Na jiƙa, na shanya a kan jiƙaƙƙen buhu kusa da hita, na rufe, ina yayyafa ruwa har ta yi tsiro. Na busar, na niƙa da injin kicin, na dafa a hankali, na tace. Na ƙona sukari ya yi baƙi na zuba, da citta da kanumfari kaɗan. Daga nan ne hanyata ta rabu da ta Kaka. Ita ajiyewa take yi ya kwana ya tashi. Ni ba na bari ya kwana. Abin da ba a sha ba kafin isha, zubarwa nake yi. Malam bai yarda da bakina ba sai da ya tambayi liman, liman ya ce abin da bai tashi ba kunu ne.

Na farko ya yi tsami, na biyu ya yi fumfuna tun a buhu. Na uku na miƙa masa da sanyinsa. Ya kurɓa.

"Bai kai ba."

"Sha."

Ya shanye. Ya miƙo kofin.

Watanni suka wuce. Jini ya ƙaru, ba da gudu ba. Ya koma hudar bel ta da. Ranar da ya ɗauki makullin mota daga kan tebur na yi kamar ban gani ba, sai da ya fita na zauna a ƙasa na yi sujada.

Ga abin da nake so a ji. In mutum yana ramewa, ciki na kumbura, gudawa ta ƙi tsayawa, jini ya ƙi ƙaruwa, a roƙi likita ya duba siliyak. Ba na Turawa kaɗai ba ne. Kada a daina alkama kafin gwaji. In an tabbatar, babu ɗan kaɗan, babu yau kawai, babu don kada a ji kunya. Kuma ku masu dubiya, Allah ya ba ku lada, amma ku tambaya kafin ku sayo.

Yaya Abu ta daɗe ba ta tako gidanmu ba. A waya suke gaisawa da ƙanenta. Sai wata Lahadi, lif ta sake lalacewa, na ji numfashi a matakala, ana hawa ana hutawa, ana jan abu mai nauyi. Na san takun. Na je na tsaya a bakin ƙofa, na cika ta.

Ba katan ba ne. Ɗan buhu ne. Ta dire shi a ƙafata, ta dafa bango har numfashinta ya dawo.

"Jar dawa ce. An ce ta fi ƙara jini."

Na matsa ta shiga. Ta dubi Malam sama da ƙasa, ta ce alhamdu lillahi, rubutun da ta sa aka yi masa a Kano ya yi aiki. Ban yi musu ba. Ta wuce kicin, ta buɗe firij, ta leƙa har baya, ta rufe. Sai idonta ya kai kan buhun tsiro kusa da hita. Ta ɗaga gefensa da yatsa.

"Wannan dai aikin kakarki ne."

"Nata ne."

"Yana kwana?"

"Ba ya kwana."

Ta saki gefen buhun. "Zuba mini in ji."

Na zuba. Ta yi bismilla ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Sukari ya yi yawa."

Ta ɗauki wani kofin ta ɗauraye shi da kanta, ta sake ɗaurayewa. Ta cika shi har baki, ta nufi falo tana takawa a hankali don kada ya zube.

"Auta, tashi ka sha."